Lamba Ta Bakwai

Ruwan watan Yuli ne ya ja mini.
Kwana huɗu rufin ɗakina yana yoyo a kan tudun Barón,
sai na ce wa ƙanena Floridor:
ajiye mini keken ɗinkin nan a shagonka kafin sama ta yi sanyin zuciya.
Mu biyu muka sauko da shi, matakala ɗari da ɗoriya,
ina gaba, yana baya yana haki,
teku na kallonmu daga ƙasa.

Bai ce mini ana binsa bashi ba.
Bashi hanji ne, na sani,
amma ban san nasa ya yi tsawon da zai naɗo ƙafata ba.

Ran Talata ma'aikacin kotu ya zo da takarda da biro.
Firji. Sikeli. Kujeru uku, ɗaya gurguwa.
Wuƙaƙen fiɗar kifi, rediyo, agogon bango.
Lamba ta bakwai: keken ɗinki, baƙi, tsoho.
Baƙi, tsoho.
Iyakar sanin da biro ya yi masa ke nan.

A kotun Valparaíso aka ba ni sabon suna.
Ni ba mai ƙara ba, ba wadda ake ƙara ba,
wai ni ce ta uku.
Na ce ban ci nanin ba, don me nanin za ta ci ni?
Magatakarda ko ɗaga kai bai yi ba.
Abin da aka samu a hannun mutum nasa ne, in ji shi,
sai in kin zo da rasit.

Shagon da mahaifiyarmu ta saye shi
girgizar ƙasa ta kwantar da shi tun ina budurwa.
Na nuna masa babban yatsana inda allura ta huda farce ta fito ta ƙasa.
Na kawo Herminia, ta rantse a kansa na ɗinka likkafanin mijinta.
Ya ce tabo ba ya shiga fayil.

Can cikin dare na tuna:
rasit ɗin na nan, a ƙaramin aljihun keken, na hagu.
Shaidata tana kulle a cikin abin da aka kulle,
a sito, bakin tashar jiragen ruwa, da hatimi a baki.

Ranar da alƙaliya ta ce a buɗe,
a benci ɗaya muka zauna da mai bin bashin.
Na daɗe ina zana shi da ƙaton ciki da zoben zinariya.
Ashe Don Baltasar ne, masunci,
gishiri ya tsattsage masa tafin hannu,
kifin wata bakwai ya zuba wa ƙanena a kan gobe, gobe.

Aka ja aljihu.
Maɓallai. Guntun alli.
Haƙorin yaro a ƙulle cikin ƙyalle, na Floridor ne, Mama ta adana.
Sai takarda, laima ta cinye rabinta,
ta bar suna guda: Rosalba.

Na ce kun gani?
Lauyansu ya yi murmushi, ya ce mun gani.
Rosalba ta haifi biyu.
Rabin keken na wanda ake bi ne.

To wane rabin?
Kan ko ƙafar? Allurar ko zaren?
Shekara talatin da nake taka shi, a wane ɓangare za a sa su?

An ɗage zama sai Alhamis ta sama.
Floridor bai iya haɗa ido da ni.
Ina ɗinki da hannu yanzu, siket ɗaya kwana biyu.
Da za mu fita, Don Baltasar ya riƙe mini ƙofa,
na ga kwat ɗinsa ta ɓarke a gwiwar hannu.
Aikin minti biyar ne.
Na yi shiru, na wuce.