Kunnen Aro

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda Usta Tanimu ya shekara talatin da ɗaya
kwance a ƙarƙashin motocin mutane,
Mirgani ya kawo tsohuwar a-kori-kurarsa da hantsi,
ya ce, "Kuka take."
Usta ya ce, "Kowa ma kuka yake. Yaushe take nata?"

Kunnensa na hagu ya tafi tun bara,
na dama kuwa sai an ɗaga murya.
Bai gaya wa kowa ba.
Ni dai na sani, don fuskata yake duba
duk sa'ad da aka tada inji.

Na hau. Giya a firi.
"Taka kuloci."
Na taka. Ba tsuwa, ba gurnani.
"Saki."
Na saki. Giyabos bai ce uffan ba.
Ya naɗe yatsu biyu: biyu sun fita daga zargi.

Muka hau titin Kasala, yana gefena,
tafin hannunsa shimfiɗe a gindin sandar giya
kamar mai taɓa goshin yaro da tsakar dare.
Ta biyu. Ta uku.
Na saki totur: ƙwas.
Na sake takawa: ƙwas.
"Wannan kada ka wahalar da bakinka,
ta hannuna ta shigo.
Kuros ɗin farfela ne ya ci kansa."

Amma akwai wata a ƙarƙashin waccan,
siririya, kukan sauro a ɗaki mai duhu.
Daga sittin take somawa.
Na karkata hagu, na karkata dama,
tana nan yadda take. Ashe ba ta taya ba ce.
Na ba da wuta, ta ɗaga murya.
Na ɗage ƙafa, ta lafa.

Na dube shi.
Idonsa na kan gonakin dawa
da shamuwa biyu a kan turken waya.

Muka wuce wata tifa kafin bakina ya buɗe.
"Usta, kamar akisal ɗin baya ma yana magana."
Ya jima.
"Na ji mana. Jira nake in ga ko za ka ji."

A gareji na kwance kusar ƙasa.
Man ya zubo baƙi, kaɗan, da wari,
yana ƙyalli da garin ƙarfe
sai ka ce an barbaɗa masa kwalli.
Ya tsoma yatsa, ya murza, ya sake murzawa,
ya goge a wandonsa a hankali.

Mirgani ya ce, "To nawa, kuma kwana nawa?"
Usta bai juyo ba.
Watakila bai ji ba ne.
Ya nuna ni da haɓa,
ya tafi wajen mai jabana,
ya dawo da finjali biyu maimakon ɗaya.