Kwarya Cikin Kwarya

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo,
zafin bazara bai sauka daga bango ba.
Kwamfutata na huci kamar akuyar da aka koro,
ni kuwa ina jiran haske ya gama tafiya.

Shagon Baba Modi nake ginawa a cikinta,
na shiyar Maɗunka, wanda aka rushe bara:
jar fata a rataye, basilla, wuƙar yanka,
da huda guda a kwanon rufi
inda rana ke saukowa da hantsi
ta zauna a kan gwiwarsa.

A nan ciki, haske da baya yake tafiya.
Daga idona zare ke fita, ɗaya ga kowane ɗigo,
ya ratsa ɗaki yana tambaya: wa zan fara taɓawa?
Da alwatika miliyan tara na ɗinka shagon.
In kowane zare sai ya gaida kowace,
zan yi furfura hoton bai fito ba.

Sai na tuna jeren Inno,
kwarya cikin kwarya cikin kwarya.
Wadda ba ta buɗe babbar ba,
me zai kai ta ga ƙaramar?
Na zuba shagon a akwatuna, wani cikin wani.
Zaren da ya kuskure uwa ya huta da 'ya'yanta duka.

Duk da haka na'urar na nishi.
Ba lissafi ke kashe ta ba, ɗauko ne.
Randarta ƙarama, ruwan da nisa,
kamar mai zuwa Rima da moɗa
duk sanda ƙishi ya taso.

To, a rage kaya.
Lambar da ke cin gurbi talatin da biyu
na ce ta tsuguna a takwas.
Ƙaramin akwati ya daina faɗin mazauninsa
tun daga bakin duniya,
ya ce kawai: taki uku daga ƙofar uwata.
Yaron unguwa ma ba ya cewa Sakkwato,
cewa yake gidan Modi, bayan rijiya.

Sauri ya zo. Na yi dariya ni kaɗai.
Abin da ke cinye dare
ya gama shayi bai huce ba.

Amma da hoton ya fito
akwai baƙaƙen ramuka a hannun Baba.
Babban yatsan da basilla ta yi wa kanta shekara arba'in,
zare ya wuce ta gefensa bai gan shi ba.
Na matse akwati har ya kasa mai shi.

Hassatu ta farka shan ruwa, ta leƙo.
"Wanga ba hannun Baba na ba."
Ta koma ta kwanta.

Na zauna da maganar har assalatu.
Shi kansa in zai yanka wa yaro takalmi
ba ya bin sawu cif-cif,
yakan bar faɗin yatsa a gaba,
ya ce yalwa ba ta ciwo, matsi ka sa ɗingishi.
Na koma wa lambobina:
in za a cike gutsure, a cike ta waje.
Akwati ya ɗan ɗara kayansa,
zare ya yi sallama a ƙofar banza nan da can,
asara ce kaɗan,
muddin ba a tsallake kowa ba.

An ɗauke wuta. Batir saura kashi sha ɗaya.
Layi bayan layi hoton ke sauka:
ga kwano, ga huda, ga sandar rana,
ga jar fata ta ɗebi haske ta shafa wa bango,
ga yatsan,
da kantarsa.

Ban tashe ta ba.
Na tura shi cikin waya, bai kai nauyin gaisuwa ba.
In gari ya waye zan kai wa Inno,
na san abin da za ta fara dubawa.