Ɗan Aiken da Ba Ya Kwana

Da asuba nake zuwa kwata,
kafin ungulaye su sauko daga katanga.
Yahuza mahauci ya san filas ɗina,
ruwan gishiri mai ɗumin jiki.
Yakan jefa mini abin da ba mai saye:
gidajen ƙwan jajayen awaki,
kowanne bai fi ƙwarar gurjiya ba.
Kullum tambayarsa ɗaya:
"Malama, wai miyar me ake yi da wannan?"

Ɗan kabu-kabu ya ajiye ni bayan gari.
Na sa allura na tsotso ruwan,
na sunkuya kan madubi.
Ga shi can. Ƙwai ɗaya,
tsakin gero ma ya girme shi,
ƙananan ƙwayoyi sun yanyame shi ƙam
kamar kiyashi a kan sukari.
Ɗanye ne. Bai san ana jiransa ba.

Akwai wani ɗan aike
da sunansa ya fi shi tsawo:
furostagilandin.
Daga maiƙo ake ƙera shi, nan take, in buƙata ta taso.
Shi ba bafatake ba ne, ba ya nisa;
maƙwabci yake yi wa raɗa ta kan danga,
kafin a waiga ya narke.
Ban taɓa ganinsa ba.
Sawunsa kawai nake bi.

Washegari na tarar da sawun:
masu rungumar sun sassauta,
sun baje kamar auduga bayan shiɓa,
ƙwai ya nuna a tsakiya.
A cikin akuya, da yanzu bango ya tsage
ya faɗo hanya.

Daren Talata wuta ta ɗauke.
Akwatin ɗumi ya yi tsit,
ni ma numfashina ya tsaya tare da shi.
Nomau mai gadi ya ja igiyar inji sau tara,
ya zage shi, ya lallashe shi,
a na goma ya tashi.
Da gari ya waye na leƙa:
ɗaya ya zama biyu.
Laraba huɗu. Daga nan takwas.
Sai ƙidaya ta kuɓuce mini,
suka dunƙule kamar curin fura.

Amma bari in faɗi wadda ba na son faɗi.

A firji akwai kwalba, mai suna iri ɗaya,
ƙanin wancan ne, sai dai hali ya bambanta.
Shi mai share ɗaki ne:
in ba baƙo, ya naɗe tabarma a soma sabon lale.
Da shi muke yi wa awaki allura
don su nemi bunsuru rana ɗaya.
Bara, Shafa'atu ta zo daga Tibiri da awaki biyar.
Na taɓa, na duba, na ce duk fanko ne.
Ɗaya ba fanko ba ce.
Kwana uku ta dawo da zane a ƙunshe,
ba ta yi mini faɗa ba.
Ta buɗe, ta rufe, ta ce,
"Da kuɗin makarantar Illo ke nan."
Faɗan da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar na gane
mabuɗi ɗaya ke buɗewa, shi ke kullewa.
Ɗan tayi ma, bai kai ƙwayar riɗi ba,
dole ya yi magana da wuri,
ya ce wa mahaifa, "Ina nan, ajiye tsintsiyar."
In ya makara da kwana ɗaya
an share ɗakin da shi a ciki.

Yanzu sau biyu nake dubawa, wani lokacin uku.
Masu awaki na cewa na cika nawa.
Su faɗa.

Gulbi ya janye, an fara dashen tumatir a fadama.
Yau kwana bakwai,
curin ya yi rami, ya cika da ruwa,
yana tunkuɗar ɓawonsa ta gefe guda.
Na kira Nomau ya zo ya gani.
Ya daɗe ido ɗaya a kanne,
ya ɗago, ya gyara hula.
"To, ina ƙafafun?"