Fiffike a Wuyan Sarauniya

Ranar da aka raba gadon Inna Yalwa
Rabe ya tashi da soro da keken ɗinki,
ni na tashi da ƙullin tsumma:
dala ɗaya ta azurfa, hudajjiya,
zaren wuya har ya cinye bakin hudar.

Wata bakwai ba mu gaisa ba.
Masallaci ɗaya, kowa da ƙofarsa.

Na kai ta bayan 'Yar Kutungu,
rumfar Barmo maƙerin fari,
na ce a narka, a yi mini zobe,
in huta da ganinta.

Ya ɗora a sikeli, ya sake ta kan uwar maƙera,
ta yi kuka siriri, dogo,
kamar ba ta da niyyar yin shiru.
Yaronsa ya kama zugazugi, gawayin ƙirya ya yi ja,
sai tsohon ya ce, Dakata.
Ya lalubo gilashin masu gyaran agogo,
ya maƙala a idon da ya rage masa,
ya ba wuta baya, ya fuskanci hasken ƙofa.

Matso, ɗan Yalwa.
Ga sarauniyar Nasara da lulluɓinta,
kumatu kamar ta ƙoshi da fura.
Dubi ƙarƙashin haɓa,
inda ya kamata fili ya zauna fili.

Na ce dauɗa ce.
Ya goge da gefen riga, ba ta fita ba.
Na ce tsaga ce.
Ya ce tsaga gudu take kamar jijiya, ba ta san sahu ba,
ƙarce kuwa sabon rauni ne, bakinsa da kaifi.
Wannan ƙirga shi.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, a jere, a kwance,
gashin fiffike ne.

Ya kifa ta: ga mikiya mai kai biyu.
Ya sake juyawa: ga inuwar gashinta, a birkice,
ta keto ta zauna a wuyan matar.

Hatimi biyu ke haihuwar dala, in ji shi,
na sama da na ƙasa,
dukansu ƙarfe, ba mai raga wa wani.
Azurfa ake sa musu a tsakani,
ita ke shan dukan,
ta ba kowanne fuskarsa.
To wata rana, can ƙasarsu,
hannun wani ya makara, ko gyangyaɗi ya ɗauke shi,
suka sauko babu kowa a tsakani.
Ƙarfe ya sari ƙarfe.
Tun ranar, duk dalar da suka haifa
da tabon nan take fitowa.
Masu gidan sukan goge hatimin don ɓoye kunya,
su share fiffiken, su haɗa da gashin matar.
Nan ma mai ido yana ganewa.

Na ce, tana da tsada ke nan?
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Akwai masu tara irinta, suna zuwa daga nesa,
amma hudar nan ta kashe kuɗinta.
Ba za ka sayi ko akuya ba.
Shekara hamsin ina narka su, ta uku ke nan.
Biyun farko suna hannun amare,
tun ban san abin da nake kallo ba.
Kai ta wata rumfar in zobe kake so.

Yaron ya saki zugazugi.

Na biyo ta Saulawa da la'asar sakaliya,
dalar ta yi ɗumi a tafin hannu.
Ban shirya bi ta lungun ba, ƙafa ce.
Keken Inna yana ta surutu daga cikin soro,
ya tsaya, ya ci gaba, ya tsaya.
Na yi gyaran murya kafin sallama,
sau biyu, gajeru,
sai na ji ashe irin na Rabe ne.

Keken ya yi shiru.