Daushe

Sidi dubu huɗu da ɗari biyar.
Na ƙirga su a tasi, daga Aboabo zuwa Ahodwo,
na sake ƙirgawa a danja,
direba na satar kallona ta madubi.
Huhun goro nawa ke nan?
Na san amsar, shi ya sa ban lissafa ba.

Ba wanda ya aike ni.
Bidiyon sunan jikata na kalla,
na ga wata tsohuwa sanye da leshina tana raba goro,
har na buɗe baki zan tambayi ko wace ce.

Likitar yarinya ce, Dakta Serwaa,
hannunta sanyi kamar gindin randa.
Ta ce, Hajiya, wannan ba ciko ba ne,
kada ki fita nan kina neman madubi.
Gari ne a ruwa, zai kwanta ƙarƙashin fata
ya tsokani nama,
naman ya ji haushi ya koma kan saƙarsa.
Kolajin, in ji ta, sunan zaren.
Naki ne tun asali, jikinki ne ya ajiye ƙoshiya.

Ta ɗauki farin fensir tana yanka mini filaye,
nan kunci, nan gefen haɓa,
sai ta tsaya.
Waɗannan fa, Hajiya?

Shida nan, bakwai can.
Askar wanzami ce, ran sunana, a zauren kakana,
mutumin da ya tako daga Tibiri ta Salaga
bai taɓa komawa ba.
Ni ce ta ƙarshe da aka yi wa a gidanmu.
Na ce, yarinya, bi ta gefe.
Abin da shekaru suka rubuta na kawo miki,
wannan rubutun Gobir ne.

Allurar ba ta kai haihuwa ba,
ba ta ma kai cire haƙori ba.

Ta ce in riƙa murzawa,
minti biyar, sau biyar, kwana biyar.
Na yi dariya. Mu da muka saba da biyar!
Na ɗaura shi a wutsiyar kowace salla,
in sallame, in shafa addu'a,
hannun bai sauka ba sai ya zarce.

Ran farko na kumbura, na yi kyau.
Ran huɗu ruwan ya tafi da kyansa,
na ce shi ke nan, Barira, kuɗi sun bi kwata.
Sati uku, shiru.
Sati biyar, shiru,
kamar bashin da ka ba ɗan'uwa.

A na bakwai Maame Dufie mai gishiri ta leƙo rumfata:
Kin huta, ko kin yi tafiya?
Ban ce mata komai ba. Na ƙara mata goro biyu.

Sai Juma'a, na je gaida Gwaggo Tasalla
wadda idonta ya rufe tun kafin a sauya kuɗi.
Ta kama fuskata da tafi biyu, tana bi da yatsa.
Shida. Bakwai. Barira ce.
Yatsan ya gangaro ƙasan kunci, ya tsaya, ya koma, ya dawo.
Ta ce, nan akwai wani ɗan rami.
Na uwarki ne. Da shi nake gaisawa da ita in kin zo.

Na ce ƙiba na yi, Gwaggo.
Ta ce to, Allah ya ƙara lafiya.

Ni mai goro ce.
Na fi kowa sanin daushe ya fi sabo tsada,
na kuma san kowace safiya sai na yayyafa masa ruwa,
na canja masa ganye, kada ya yamushe.
Wa ya taɓa zagina a kan haka?

Katin allura ta biyu na cikin jakata,
Talata, ƙarfe goma.
Yau Lahadi.
Na fito da shi sau uku, na mayar,
har ya fara warin goro.