Aska Ɗaya

Yayana Barau, a bakin kogin Auyo,
in kifi ya fi ƙarfin koma shi ake kira.
Ya tuɓe, ya nutsa, mu ƙirga har mu gaji,
ya ɓullo da tarwaɗa tana dukan ƙirjinsa.

Bara da kaka farin idonsa ya juya,
ya koma ruwan ɗorawa.
Hansai ta ce shawara ce,
ta jiƙa saiwa, ta dafa sassaƙe,
ya sha har tukunya ta san sunansa.

Sai ciki ya tashi kamar ganga,
hannu ya koma sillen kara.
In ka danna ƙafarsa yatsa ya bar rami
irin na laka bayan janyewar ruwa.
Dare ya kwana susa, rana ya wuni gyangyaɗi.
Mutanen gari suka ce jifa ne,
har aka nuna gidan da ya fito.

A Haɗeja likita ya shafa masa mai a ciki,
ya daɗe yana duban allo.
Ya ce hanta ba ta kuka,
rauni take haɗiyewa, ta yi tabo,
tabo ya hau tabo shekara da shekaru
har ta ƙeƙashe kamar fadama da rani,
jini ya zo wucewa ya rasa ƙofa.

Ya tambaye ni ruwan da muke shiga tun yarinta.
Ya tambayi gyaɗar da ta yi funfuna,
wadda kasuwa ta ƙi, muka ce ba a zubar da arziki.
Ya ce jiƙon ma kaya ne a kan jakin da ya durƙusa.
Sannan ya ce, wa ya yi muku kaciya?

Na yi shiru.
Mu bakwai ne a gindin tsamiya ran nan,
aska ɗaya, tsumma ɗaya,
aka ba mu gasasshiyar kaza don ba mu yi kuka ba.

An zuƙe ruwan cikin, ya dawo.
Mun sayar da koma, mun sayar da kwalekwale.
Daren Laraba ya yi aman jini a ƙwarya,
ya dube ni, ya kira ni da sunan babanmu,
ya ce in kwance jirgi, ruwa na tahowa.

Cikin bakwai ɗin nan, Gambo ya riga shi.
Jiya na miƙa hannu aka ɗebi nawa jinin.
Takardar tana aljihu, ban ba kowa ya karanta ba.

Hansai ta sauka da asuba, namiji.
Kafin a yi zancen rago
na goya su a babur zuwa wurin allura,
na tsaya a shago na sayi sabuwar reza,
na ce kada a ɓare ta sai a gabana.