Aikin Dare a Hawa na Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare, Manila ba ta runtsa ba,
ni ma haka.
Sanyin na'ura na cizon ƙeyata,
shayina ya huce a gefen allo.
Aikina kalma biyu ne: a bari, a goge.
Daƙiƙa takwas ga kowace magana,
kafin in haɗiye yawu wata ta faɗo.

Carbin rosari na ƙasan jakata,
wanda Inna ta saya a ƙofar cocin Quiapo
ranar da aka ɗauke ni aiki.
Ta ce, Eufrosina, me za ki riƙa yi musu?
Na ce shara, Inna, sharar bakin duniya.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Shekaranjiya wani ya rubuta sunan wata yarinya,
da layinsu, da launin ƙofar gidansu,
ya ce a je a koya mata hankali.
Mutum dubu uku suka ɗaga masa yatsa.
Na goge, hannuna ko gezau.
Harshe ashana ne, wannan na sani,
na ga unguwa guda ta ƙone a Tondo
daga kyandir ɗaya da aka manta.

Amma yau ga wani tsoho daga Negros,
mai saran rake, rubutunsa duk tuntuɓe.
Ya ce mai gona ya danne musu ladan wata uku,
ya ambaci sunansa, ya kira shi ɓarawo,
ya rufe da cewa Allah na gani.
An kai ƙararsa sau ɗari biyu cikin awa ɗaya,
duka da lafazi guda, kamar an buga da hatimi.
Ƙa'idar kamfani ba ta da kwana:
zargi ba hujja, a goge.
Lauyoyinmu na tsoron tara fiye da tsoron ƙarya.

Ya Almasihu, kai ma ƙararka aka kai,
aka ce maganarka na tayar da gari,
aka jera shaidun da aka yi wa bita.
Da a teburina takardarka ta sauka
da tsakar dare, ina bin bashin haya,
wane maɓalli zan taɓa?

Kuma kai ne ka sunkuya kana zane a ƙasa
ranar da taro ya zo da duwatsu.
Ba ka ɗinke bakin kowa ba,
sai ga duwatsu suna zuba ɗaya bayan ɗaya.
Ni ba ni da irin wannan yatsa.
Nawa na haya ne,
ana biyansa ran sha biyar da ran talatin.

Dionisio ya zungure ni da gwiwar hannu:
ke, agogonki ya yi ja.

Akwai maɓalli na uku da ba a so mu saba da shi,
mai tura magana sama, wurin manya.
Na danna, na rubuta musu layi ɗaya:
a binciki masu ƙarar kafin mai kukan.
Makina zai ragu, na sani.
Abin da ban sani ba,
ko ceto na yi, ko wanke hannu,
irin na gwamnan nan da ya nemi ruwa a kwano.

Asuba ta yi, na sauko da kumburarrun idanu.
Direban jifni na zagin cunkoso da dukan muryarsa,
ba mai goge shi.
Na shiga sujadar ƙarfe shida, na zauna a bencin baya.
Da aka zo roƙon gafara
kan abin da muka yi da abin da muka bari,
sai na kasa bin sahun jama'a,
don ni, Ubangiji, su ne sana'ata.

A bakin ƙofa na ciro wayata
in duba ko tsohon na nan.
Sai na tuna ban riƙe sunansa ba.
Na mai gonar kawai na riƙe.